Amsa ga mai shirin digiri na uku a falsafar Afirka

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce ka samu gurbin digiri na uku a fannin falsafar Afirka, kana tambaya ko tattara karin maganar Hausa da yi musu sharhi zai ishe ka kundi, kuma ko karatun yana da makoma. Na bi wannan hanya kafin in dawo koyarwa a Katsina, don haka ga abin da na gani.

Karin magana kaɗai ba zai fitar da kai ba. Tun da Placide Tempels, ɗan mishan daga Beljiyam, ya fitar da littafinsa kan tunanin Bantu a 1945 ake jayayya kan ko al'adar jama'a falsafa ce, kuma Paulin Hountondji na Jamhuriyar Benin ya soki salon da ke ɗaukar al'adar jama'a gaba ɗaya ya kira ta falsafa, alhali ba a san wanda ya yi tunanin ba, balle hujjarsa. Mai jarrabawa da zai zo daga wata jami'a ya san wannan suka, kuma da ita zai fara tare ka. Odera Oruka na Kenya ya nemi mafita ta hanyar zama da dattawa masu hikima ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu tambaya yana ja da su. Hanya ce mai kyau, sai dai mu muna da abin da ya fi ta ƙarfi, wato rubutu.

Al-Maghili, wanda ya zauna a Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya kare ilmin manɗiƙi, wato ilmin ƙa'idojin tunani da hujja, a musayar baitoci da malamin Masar Suyuɗi. Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741, ga kuma Abdulƙadir ɗan Tafa, masanin falsafa na Daular Sakkwato. Har yau a zaurukanmu ana karantar da Ummul Barahin, littafin tauhidi na Imam Sanusi, inda ɗalibi ke fara koyon rabe wajibi da mustahili da ja'izi a hukuncin hankali, kuma duk wanda ya zauna ya ji yadda malami ke warware wannan da Hausa ya san cewa tunani ake yi mai tsari. Ka zaɓi marubuci ɗaya ko mas'ala ɗaya, ka gyara Larabcinka, ka koyi karanta ajami da salon rubutun hannu na Magaribi.

Gidan Arewa da ke Kaduna, cibiyar bincike da adana takardun tarihi, zai taimaka maka, amma takardu da yawa suna hannun iyalai, cikin gafaka, warwatse ba lambar shafi, sai kalmar da aka rubuta a ƙasan kowace warƙa ce ke nuna wadda ke bin ta. Kada ka je gidan malami kai kaɗai da takardar jami'a a hannu. Ka bi almajirinsa, ka gaisa, ka zauna a darasi, kuma kada ka ciro waya don ɗaukar hoto sai shi da kansa ya ba ka izini.

Maganar makoma kuwa, sassan falsafa sun fi yawa a jami'o'in kudu, saboda haka aikin koyarwa a nan yakan zo ta darussan gama-gari ko sashen nazarin addini. Idan kana koyarwa a jami'a ko wata babbar makarantar gwamnati, ka nemi tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da wuri, kuma ka fitar da maƙala daga babinka na biyu tun kafin ka kare kundin. Allah ya ba da sa'a.