Idon zakara don tazarar haihuwa: ni na lasa, ga yadda ta kaya da ni

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa da kika ce wata uku ke nan da yi miki aikin haihuwa, kina tsoron kwanika, kuma an kawo miki garin idon zakara, jajayen 'ya'yan tsiron nan masu ɗigon baƙi, kwaɓe da zuma an ce ki riƙa lasa, wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Na ajiye wankin da nake yi na zauna rubuta miki wannan. Don girman Allah kada ki kai wannan kwalbar bakinki. Idan kin riga kin lasa, ki bar karatun nan ki tafi asibiti da kwalbar a hannunki, ko da kina jin garau.

Ni ma haka nake. Haihuwata ta uku aiki aka yi min, likita ya ce in huta aƙalla shekara biyu. Allura ina tsoronta saboda abin da ake faɗa a gidan suna, wai tana sa ƙiba, wai jini ba ya tsayawa. Maigida kuwa ko zancen ba ya so a tayar. Sai wata mai sayar da kayan mata da muke hulɗa da ita tun ina amarya ta ce ai ga na gargajiya, ba allura ba ƙwaya, na iyaye da kakanni. Ta ce ƙwayar idon zakara ɗaya shekara ɗaya, biyu shekara biyu, amma nata ya fi na kowa ƙarfi tunda ta daka ta haɗa da zuma. Dubu bakwai na tura mata. Har da addu'a ta bi ni, tana ce min ƙanwata.

Na lasa da daddare bayan isha. Gari ya waye lafiya lau, na yi girki, na yi wa yarinya wanka, har na aika mata saƙon godiya. Wannan jinkirin shi ne muguntar abin. Sai wajen la'asar cikina ya fara murɗawa, amai ya biyo baya. Na kira ta, ta ce dattin mahaifa ne ke fita, in ƙara cokali ɗaya. Kuma na ƙara. Har yau idan na tuna ni da hannuna na ƙara, sai in ji kamar in mari kaina.

Kwana na biyu da dare ba zan taɓa mantawa ba. Ina durƙushe a banɗaki, babu wuta, na jingina fitilar waya a kan bokiti, na duba na ga abin da ke fita daga jikina jini ne. Yarinya tana ta tsala ihu a ɗaki tana neman nono, ni kuma ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Bakina ya bushe kamar na haɗiyi toka. Da rarrafe na fito tsakar gida, na kwanta a kan siminti ina kiran babbar 'yata, mai shekara bakwai a lokacin, ta je ta buga wa maƙwabta ƙofa. Maigida yana hanyar Legas da mota. Abin da ke yawo a raina a kwancen nan shi ne zan mutu in bar jaririya, kuma kowa zai ce ni na kashe kaina don gudun haihuwa.

Kwana tara na yi a gadon asibiti. Ledar ƙarin ruwa tun ina ƙirgawa har na daina. Kullum sai an ɗebi jinina ana duba ƙoda da hanta. Da farko ma ɓoyewa na yi, na ce abinci ne ya ɓata min ciki, sai da wata nas ta zaunar da ni ta ce Hajiya ki faɗi gaskiya mu san abin da muke yi wa magani. Da aka kawo kwalbar, likita ya ga ɓurɓushin jan ɓawon a cikin zumar, ya girgiza kai. Shi ya yi min bayanin cewa akwai guba a cikin ƙwayar mai suna abrin, 'yar'uwar wadda ke cikin 'ya'yan zurma ce, amma ta fi ta ƙarfi. Tana shiga ƙwayoyin halittar jiki ta hana su ƙera furotin, sai su riƙa mutuwa a hankali, shi ya sa ba a ganin alama nan take, wani sai bayan sa'o'i, wani sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Kuma ba ta da makari. Iyakar abin da asibiti ke yi shi ne su tallafi jiki da ruwa da magunguna har Allah Ya sa ya farfaɗo, idan an zo da wuri sosai kuma su ba da gawayinsu na asibiti ya tsotse ta tun tana ciki.

Na san yanzu wata za ta shigo ta ce ai ni na haɗiye ban ga komai ba. Gaskiya ne, ba ƙarya take ba. Ɓawon idon zakara tauri gare shi kamar tsakuwa, wadda ta haɗiye shi ɗungurungum sau da yawa yadda ya shiga haka yake fita. To ki tambayi kanki, abin da ya fita bai ko fashe ba, ta ina ya hana ciki? Maƙwabciyata ta haɗiyi biyu, wata biyar tsakani ta fara laulayi. Idan kuma ya tsage, ko an tauna, ko an daka, shi ke nan gubar ta samu hanya.

Ita kuwa matar, da ƙanena ya kira ta daga asibiti, cewa ta yi ita ba ta ce in sha da yawa ba, kuma mata nawa ta ba wa babu wadda ta dawo da ƙorafi, ƙila dai jinina ne bai karɓa ba. Washegari ta toshe lambata. Ko sannu. Matar da na yi wa hidimar bikin 'yarta, na yi anko, na kai gudummawa. Har yau tana nan tana tallarta a status, da hoton jajayen ƙwayoyin a tafin hannu, wai na mallaka, wai na farin jini, wai akwai mace akwai namiji. Na bar ta da Allah, amma ban yafe ba tukuna, ba zan yi muku ƙarya ba. Nonona ya ƙafe a kwanakin nan, yarinyar da madarar gwangwani ta girma, surukata kuma ta samu abin gori har gobe.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda suke jingina abin ga kakanni. Ni a hannun kakata na tashi a ƙauye, idon zakara yana naɗe a jikin dangar bayan gidanmu, idan kwanson ya bushe ya tsage sai ka ga jajayen ƙwayoyin da ɗigon baƙi suna leƙowa. Ganyen take tsinka ta ba mu mu tauna idan muna tari ko maƙogwaro na ciwo, zaƙi gare shi. Ƙwayar kuwa 'yan biyu zuwa uku take jefawa a tandun kwallinta, sai kuma wadda muke tarawa muna wasa. Ranar da ta ga na sa ɗaya a baki, da muciya ta bi ni. Ban taɓa ganin ta daka wa wani ya sha ba. Ƙanen nan nawa da ya karanci harhaɗa magunguna ya ce a Indiya maƙeran zinariya da ita suke awo tun zamanin da, suna ce mata ratti, ana kuma yin carbi da sarƙa da ita a ƙasashe da dama. Ya ce a 2011 sai da aka yi shela a Ingila mutane su dawo da wasu awarwaro da aka yi da ita. Su abin hannu ma sun janye, mu kuma ana zuba mana a zuma. Ko na kwallin ma yanzu ba na sha'awa, garinta idan ya shiga ido kumbura shi yake yi.

Masu yara ku duba jakunkunanku da cikin durowa. Jar aba ce mai sheƙi, yaro mai rarrafe yana gani baki zai kai, ga haƙora sababbi.

Ki koma inda aka yi miki aikin, ɓangaren tsarin iyali, ki ce musu kina shayarwa kuma kina tsoron allura. Akwai ƙwaya ta masu shayarwa, akwai na sawa a dantse, akwai na mahaifa, za su duba jikinki su zaɓa tare da ke. Ni na dantse aka sa min daga baya, watannin farko al'adata ta rikice, sannan ta daidaita. Maigidan da nake tsoron gaya wa, shi da kansa ya kai ni, bayan ya biya kuɗin asibitin da ya kusa cinye jarinsa. Kwalbar kuma kada ki ba wa kowa, kada ki jefa a bola inda yara ko awaki za su lasa, ki haƙa rami ki binne. Admin don Allah idan an ga mai tallar wannan abin a nan a cire ta. Ke kuma ki dawo ki gaya mana ko kin riga kin lasa, hankalina ba zai kwanta ba sai na ji.