Jelly Roll Morton: shi ya ƙirƙiro jazz ko cika baki ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske Jelly Roll Morton, makaɗin fiyanon nan na Amurka, ne ya ƙirƙiro kiɗan jazz, da kuma faifan da ya kamata ka fara ji. To, shi dai ya faɗa da bakinsa. A 1938 ya ji an ce wani makaɗi, W. C. Handy, ne tushen jazz a shirin rediyon Robert Ripley, sai ya rubuta wasiƙa cewa shi ya ƙirƙiro shi a New Orleans a 1902. Takardar baftismarsa kuwa ta nuna an haife shi a 1890, ka ga yana ɗan shekara 12 ke nan. Shi kuwa cewa ya riƙa yi 1885 aka haife shi. Mutumin akwai kuri, har lu'ulu'u ya dasa a haƙorinsa.

Amma kada kurin ya sa ka raina shi. Na daɗe ina kaɗa fiyano, kuma babu wanda ya wahalar da hannuna na hagu kamarsa. A waƙarsa "King Porter Stomp" hagun ba rakiya kawai yake yi ba, amsa wa dama yake, kamar mabusa biyu suna musayar magana a cikin hannun mutum ɗaya. Ya koyi wannan tun yana yaro a Storyville, unguwar gidajen karuwai a New Orleans, abin da ya jawo aka kore shi daga gida.

A ganina abin da ya cancanci yabo a kai shi ne tsarawa. Lokacin da yawancin makaɗa ke bin kunne, shi zama yake ya rubuta wa kowa wurin shigarsa. Nemi "Black Bottom Stomp" da ya ɗauka da ƙungiyarsa Red Hot Peppers a Chicago a 1926. Mutum bakwai ne, minti uku. Ka kasa kunne inda kowa zai yi tsit, a bar fiyano shi kaɗai, sannan su faɗo gaba ɗaya. Sai ka ɗauka katsam abin ya zo musu, alhali an sha gwaji.

Daga baya duniya ta juya masa baya. Kamfanin faifai na Victor ya ajiye shi a 1930. A 1935 Benny Goodman, shugaban wata ƙungiyar makaɗa, ya yi tashe da "King Porter Stomp", mai waƙar kuwa yana fama da babu. An daɓa masa wuƙa a wata mashaya da yake kiɗa a Washington a 1938, bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a Los Angeles a 1941.

Bayan ka saba da Red Hot Peppers sai ka koma kan hirar da Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya ɗauka da shi a 1938 a Laburaren Majalisar Amurka, yana kiɗa yana ba da labarin New Orleans. Ka dai sa abin ji a kunne, don wasu waƙoƙin batsa ce zalla, ba na gaban yara ba ne.