Svchost.exe ya cika min kwamfuta, ƙwayar cuta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na buɗe Task Manager na ga wani abu wai shi svchost.exe ya jeru sun fi hamsin. Abokina ya ce ƙwayar cuta ce, in goge su. Yaya zan bambance na gaskiya da na bogi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka goge komai tukuna. Yawan nan da ka gani ba matsala ba ce. Svchost.exe na Windows ne, shi ke ɗauke da ayyukan da ke gudana a ɓoye, irin su sauti da haɗin intanet da sabunta manhaja. Tun daga sabuntawar Windows 10 ta 2017, duk kwamfutar da RAM ɗinta ya wuce gigabait 3.5 kusan kowane aiki ana ba shi nasa svchost ɗin daban, shi ya sa suka yi yawa.

Abin da za ka duba shi ne inda fayil ɗin yake zaune, domin suna kowa na iya laƙaba wa fayil. Danna Ctrl da Shift da Esc tare don buɗe Task Manager, wato tagar da ke nuna abubuwan da ke gudana a kwamfuta, ka shiga sashen Details, ka ɗora maus kan svchost.exe ka danna maɓallin dama, sannan ka zaɓi Open file location. In ya kai ka C:\Windows\System32, to na gida ne. Akwai kuma halastaccen kwafinsa a C:\Windows\SysWOW64, inda ake ajiye fayilolin 32-bit. Amma in ka tsinci kanka a Temp, ko Downloads, ko wata folda cikin AppData (inda manhajoji ke ajiye bayanan mai amfani da su), lallai akwai lauje cikin naɗi. Ka kuma ƙura wa harufan ido sosai, don masu wannan ta'asa sukan rubuta scvhost.exe, ko su sa sifili a madadin harafin o, mai gaggawa ba zai lura ba.

Haka wasu fayilolin Windows ɗin irin su lsass.exe da csrss.exe, System32 ne mazauninsu. Shi kuwa explorer.exe a C:\Windows kai tsaye yake.

Manhajojin da kai ka girka dokarsu daban ce. Galibi na 64-bit suna Program Files, na 32-bit kuma suna Program Files (x86). Wasu kuwa, kamar Zoom da Telegram da Discord, a AppData suke sauka, kuma lafiyarsu ƙalau. Mutane da yawa na tsorata a nan ba gaira ba dalili. Abin zargi shi ne fayil mai irin sunan fayilolin Windows da aka samu a wani wurin da ba cikin foldar Windows ba.

In ka ci karo da irin wannan, kada ka goge da hannu, sau da yawa yakan dawo da zarar an sake kunna kwamfuta. Ka ɗora shi a shafin VirusTotal a bincika maka shi kyauta, sannan ka shiga Windows Security ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan, wanda ke yin bincike kafin Windows ta gama tashi.