Amsa ga ƙanenmu mai tambayar saurin hannu a gitar

Salamu alaikum 'yan gida. Ƙanena na ga tambayarka tun daren jiya amma babu kuran a unguwarmu, portabul ta mutu, sai yanzu na samu. Ka ce shekara 2 kana kaɗa gitar, akor, wato danne tsirkiyoyi da yawa a buga su tare, duk ka riƙe, amma da mai bateri, wato mai ganguna, ya ɗaga kiɗa sai hannun dama ya sandare, mediyato, ɗan abin nan da ake bugun tsirkiya da shi, ya dinga sarƙewa cikin tsirkiya, kana son a ba ka tsarin repetisiyon na kullum. To ni dai ba malamin CFPM Taya, makarantar kiɗa ta Yamai, ba ne, a bukukuwan Tawa na koya kahin in dawo Yamai, amma wanga ciwo naka na yi shi, na san inda yake.

Abin da ya hana ka gudu ba rashin ƙarfi ba ne, ƙarfin ne ma ya yi yawa. Ni a wani biki na gane haka, munka hwara bayan isha'i, wajen ƙarhe 11 mata sun cika fili ana ta liƙi, kawai damtsena ya ƙulle kamar an ɗaure shi da kawucu, mediyato ya faɗi cikin rairayi, sai da mai akompanyima, mai gitar ta rakiya, ya rufa min asiri. Da munka zauna shan shayi wani dattijo da ke kaɗa mana bas ya ce riƙe mediyato in gani. Na riƙe, ya ja, bai hita ba. Ya yi dariya ya ce kai wuƙar fawa ka riƙe ko me? Ya riƙe nashi ya ce in ja, da yatsa biyu na zare shi. Wallahi abin ya ban haushi a ranar, amma shi ne gaskiya. In ka matse babban yatsa, wuyan hannu na matsewa, daga nan gwiwar hannu, har kafaɗa ka ga ta hau kusa da kunne. Je ka kalli mai gurmi ko mai molo, tsoho tukuf amma hannu na wasa kamar ba ƙashi, dare guda bai gaji ba.

Don haka kahin komi, gyara riƙo. Bakin mediyato kaɗan za ka bari a waje, kamar milimita 2 ko 3, ka ɗan karkata shi don ya zame bisa tsirkiya maimakon ya mare ta da faɗinshi. Motsi daga wuyan hannu, ƙarami, kar hannu ya tahi yawo ya dawo. Kuma in irin mediyato mai laushin nan gare ka na 0.46 mai lanƙwashewa kamar ganye, aje shi don akor. Kana bugawa shina lanƙwasa, kahin ya miƙe ka riga ka wuce. Nemi na milimita 1 ko sama, ni Jazz III nake so, 1.38 ne, ɗan ƙarami mai tsini, sai dai ba kullum ake samu ba. Mun yi zamanin yanka katin SIM mu goge bakin da siminti, ya fi babu amma shi ma laushi gare shi.

Yanzu repetisiyon ɗin. Minti 40 kullum ya ishe ka, ya hi ka kwana kana bugu ran Lahadi sannan ka jingine ta sati guda. Sauke aplikasiyon na metronom, mai ƙyas-ƙyas ɗin nan da ke riƙe maka lokaci, kyauta ne. Kashe distosiyon da eko, masu canza sautin gitar, duka, su ne ke ɓoye ƙazanta, sai ka ji kamar kai ne gwani alhali rabin not ɗin ba su hita ba.

Minti 5 na farko ɗumama hannu ne, 1-2-3-4 ɗin nan da kowa ya sani, yatsa huɗu bi da bi a kaz huɗu a jere (kaz su ne gidajen da ke bisa wuyan gitar), daga kaz ta 5, ba sai na tsaya a kai ba. Kar dai ka mai da shi abincinka, ba kiɗa ba ne.

Inda aikin yake shi ne tsirkiya guda. Ɗauki ta Sol, danne not guda, sa metronom a 60, wato ƙyas 60 a minti, kowane ƙyas ka buga 4, ƙasa sama ƙasa sama. Not 4 ke nan a sakan. Za ka raina shi, amma saurara da kyau, yawancinmu bugun ƙasa ya hi na sama ƙara nesa ba kusa ba, sai kiɗan ya dinga ɗingishi. Sai sun zama daidai, sau 3 a jere ba kuskure, sannan ka ƙara 4, wato 64, 68, haka. Inda ka ji kafaɗa ta hwara hawa ko ka kama kanka kana cije haƙora ko ka riƙe numfashi, nan ne iyakarka ta yau, rubuta lambar a kaye, koma baya da 10 ka ƙarasa a can. Rubutun nan kar ka yi wasa da shi don akwai satin da za ka rantse ba ka ci gaba ba, sai kaye ya ƙaryata ka.

Amma a nan ne nake saɓawa da masu cewa a hankali kawai, sauri zai zo da kanshi. Na yi kusan shekara ina bin wanga zance na maƙale wajen 90. Tahiya daban gudu daban, ko ka shekara kana tahiya da sauri ba ka koyi gudu ba. Abin da ya ɓalle min shi ne in sa metronom sama da iyakata, misali 120, in buga not 5 kawai, tarrr, in tsaya, in saki hannu, in sake. Hannu bai samu lokacin ƙullewa ba. In 5 sun zauna ka mai da su 9, sannan 13. Ka haɗa biyun, na hankali don tsabta, na ɗan ruga don hannu ya san yadda gudu yake.

Sai tsallaka tsirkiya, wanda ina zaton nan ne kake sarƙewa. Kama gam ɗinmu ta kullum, wato jerin not, La Do Re Mi Sol daga kaz ta 5, not biyu a kowace tsirkiya. In ka hwara da ƙasa, kullum bayan bugun sama kake canza tsirkiya, to mediyato ya kamata ya ɗan hita sama da sauran tsirkiyoyi a wannan bugun, in ya nutse tsakaninsu dole ya yi tuntuɓe. Ɗauki tsirkiya biyu kawai, Re da Sol, ka yi ta kai da komo, sannan ka juya ka hwara da bugun sama, za ka ji kamar yau ka taɓa gitar, hhh. Kuma don Allah kar ka tsaya a 4-4 kaɗai, kiɗanmu na biki da yawa uku-uku ne. Buga 3 a kowane ƙyas, za ka ga ƙyas na farko ya faɗa a bugun ƙasa, na biyu a bugun sama, in hannunka bai saba ba nan take za ka ɓata wa masu rawa ƙafa.

Minti 10 na ƙarshe ɗauki ainihin solo ɗin da ke kayar da kai a fili, yanka shi gunduwa-gunduwa, ka yi mishi irin wanga aiki.

Wani abu kuma, duba gitar ɗin kanta. Hunturunmu da zafin Afrilu na lanƙwasa wuyan gitar, tsirkiya ta tashi sama, kai kana zargin hannunka alhali icce ne. A kaz ta 12 in tazarar ta wuce milimita 2 sosai a gitar ta kuran, kai ta a daidaita. Tsirkiya 009, siririya, ta hi 010 sauƙin dannawa, kuma goge su bayan ka gama, zufa na cinye su. In kana yi ba ampili saboda an ɗauke wuta, yi hattara, za ka dinga dukan ta da ƙarfi don ka ji, ran da ka jona sai ka ji ƙazanta.

Na san wani zai ce ai Mdou Moctar, ɗan jiharmu ta Tawa, da yatsa yake yi babu mediyato, kuma gitar ɗinshi ta farko da wayar keke ya haɗa ta. Haka ne, kuma in yatsa ta hi maka daɗi bi ta, metronom ɗin dai guda ne. Kalli hannun nashi na hagu mai bugu, bahago ne, ka ga ko akwai inda ya matse.

Ciwo kuma, in gajiya ce babu komi, amma in ka ji suka a wuyan hannu ko yatsu na mutuwa, aje gitar kwana biyu, in bai bari ba ka je likita, kar ka ce za ka yi jarumta.

Jingina portabul a kofin shayi ka ɗauki bidiyon hannun damanka kaɗai, sakan 30 a 60, sakan 30 a inda kake ƙullewa, ka turo nan mu gani. Ka tabbata kafaɗa ta hito cikin hoton.