Amsa kan tsutsar ƙwaron Chironomus

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa masana ke bin jar tsutsar nan ta cikin taɓo, mai zama ƙwaro kamar sauro amma ba ya cizo. Sirrin yana cikin jakar miyaunta. Kuromosom ɗinta na wurin, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta, yakan yi ta kwafin kansa ba tare da rabuwa ba, har ya yi kauri, ratsi-ratsi kamar saƙi, madubin ganin ƙananan abubuwa na makaranta ma ya nuna shi. Wani masani mai suna Balbiani ne ya fara ganinsa a 1881.

Yawancin jinsunan ƙwaron nan kuromosom tagwaye huɗu gare su. Wani yanki na kuromosom ɗin kan juya kai ƙasa, jerin ratsin ya canza. Da wannan ake rarrabe jinsunan da ido bai isa ya bambanta ba, abin da ya fi burge ni ke nan.