Ƙibar Hajiya ba rumbu ba ce

Ƴar'uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye salula na yi shiru. Kin ce za a cire wa Hajiya tumbi saboda kansa, tana da jiki ga ciwon sukari, dangi kuma na cewa ƙibarta za ta riƙe ta, ki bar damuwa da abin da za ta ci. Wallahi wannan maganar ce ta kusa kai ni kushewa.

Kilo 104 gare ni lokacin da aka yi mini aiki a Yamai, aka cire tumbin duka. Cikin wata shida na zubar da kilo 27. Kowa sai barka yake yi mini, wai na koma budurwa. Ashe ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har da tsoka. Daga tabarma sai an kama ni nake tashi.

Ranar da ba na mantawa, suna ne a unguwar Bagalam ta Maradi. Aka miƙo mini fura ta ji sukari, kunya ta sa na shanye ludayi uku. Ko rabin awa ba a yi ba, zufa ta keto, zuciya na dukan tara-tara, ciki na murɗa. Na lallaɓa na kwanta. Bayan awa biyu na miƙe in yi alwala, sai ga ni ƙasa gaban mutane. Facalata tana tsaye a kaina, tana cewa neman suna ne, wai duk wannan jikin fura ce za ta kayar da shi? Ita ce dai ta riƙa yawo da ni a dangi cewa lalaci ne ya hana ni shiga madafa. Ko sannu ba ta taɓa yi mini ba. Na yafe, amma har yau in na ji muryarta sai in ji ɗacin ranar.

Lokotoro ne ya fahimtar da ni: babu tumbin da zai tsare abinci, zaƙi na faɗawa hanji kai tsaye, jiki ya sako insulin, sinadarin da ke sauke sukari, da yawa, sukari ya faɗi. Ga shi ina shan maganin sukarina yadda na saba, alhali bayan aikin sukari kan sauka da kansa. Don Allah ku sa a sake duba wa Hajiya maganin sukarinta, har na hawan jini.

Ta ci kaɗan-kaɗan, sau 6 zuwa 8 a yini, ta tauna sosai. Ƙwai, kifi, wake, kindirmo ba sukari in cikinta ya karɓa. Ruwa sai rabin awa bayan abinci. Lemun kwalba da shayi mai zaƙi ta haƙura.

Sannan allurar bitamin B12. In an cire duka, ita ce har ƙarshen rai. Hanta na da ajiyarsa ta ƴan shekaru, shi ya sa ake sakaci. Ni na bar tawa don tsada, sai da tafin ƙafata ya fara yi kamar kiyashi na yawo ciki. A riƙa auna jininta ma, ƙarancin jini na biyo baya.

Azumi kuwa ban yi ba, malam ya ce in ciyar. Na yi kuka ranar farko da na ji kiran magariba. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Duka za a cire ko rabi, an gaya muku?