Tambayi Magini: Da Katako Zan Kewaye Murhun Falo Ko Da Dutse?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mun kusa kammala ginin gidanmu, kuma saboda inda muke sanyi na tsananta, mun sa an fitar mana da murhun jin ɗumi na itace a jikin bangon falo, da bututun hayaƙi har saman rufi. Saura ado. Kafinta ya nuna mini wani katako mai sassaƙa da zai kewaye bakin murhun, da kanta a sama inda zan jera agogo da hotuna. Raina ya biya ƙwarai, amma maigida ya ce a tambaya tukuna. Me za mu saya, me za mu guje wa?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Maigida ya yi hangen nesa. Ba zan hana ki katakon ba, amma sai ya ja da baya daga wuta.

Akwai wani aiki da ba na mantawa da shi. An kira ni gyaran wani murhu da filastarsa ta tsage. Kantar da ke kansa tana ƙyalli, kullum ana goge ta, babu ko tabo. Da muka cire ta muka juya bayanta, baƙi ƙirin kamar gawayi, ina sa farce sai ta marmashe. Harshen wuta bai taɓa lasar ta ba. Zafi ne ya yi shekaru yana gasa ta a hankali, kuma katakon da ya gasu haka ba ya buƙatar zafi mai yawa kafin ya kama. Mai gidan ya daɗe yana kallonta bai ce uffan ba.

Saboda haka tef ɗin awo shi ne farkon kayan aikinku. Ƙa'idar ginin gidaje da ake bi a Amurka ta ce kada katako ya kusanci bakin murhu ƙasa da inci 6, wato santimita 15. Wanda ke tsakanin santimita 15 da 30 kuma kada ya turo gaba sosai, iyakarsa kimanin santimita 2 zuwa 4 gwargwadon nisansa. Kanta mai faɗi dole ta haura sama da haka, don zafi sama yake tashi ya taru a ƙarƙashinta. Ni kan ƙara a kan wannan awo, ban taɓa ragewa ba. Idan dokar gini ta inda kuke ta fi tsanani, ita za ku bi.

Tazarar da ke tsakanin wuta da katakon sai a cike ta da abin da ba ya ci: jan bulo, dutse ko tayil. Cikin murhun kuwa bulon wuta ake sawa, wato bulon da aka yi don jure zafi, da simintinsa na musamman, domin siminti na gama-gari tsagewa yake yi ya zube. Farin marmara yana da kyau a ido, sai dai hayaƙi na saurin ɓata shi. Kada a ɗebo duwatsun rafi a jera a inda wuta ke taɓawa, ruwan da ke cikinsu kan sa su fashe.

A ƙasa ma a shimfiɗa daɓen dutse ko bulo, ya fito aƙalla santimita 40 a gaba da 20 a kowane gefe, ya fi haka idan murhun babba ne. Nan garwashi ke faɗowa. Darduma ta tsaya daga can.

Ƙarafan da ba a gani sun fi damuna, don nan ake yawan tsumulmula. Kusoshi da maƙalai na kusa da wuta su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. Robar nan da ake cusawa a bango kafin a ɗaura noti narkewa take yi, wata rana kanta ta rikito da agogonki. A nemi ta ƙarfe. Ƙarfe mai rufin tutiya yana fitar da hayaƙi mai cutarwa idan ya yi zafi sosai, alminiyam kuma yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Celsius, don haka duka biyun ba na cikin murhu ba ne. In kuna son ƙofar gilashi, ku tabbatar gilashin murhu ne, ba na taga ba. In ba ƙofa, raga mai tare tartsatsi wajibi ce, musamman gidan da ke da yara.

Ki sa maigida ya hau ya duba inda bututun ya ratsa silin da rufi, kada ya jingina da katakon rufin. Bakinsa ya ɗara rufin da kimanin santimita 90, a sa masa hula mai raga saboda ruwan sama da tsuntsaye. A riƙa share kunkunniyar cikinsa duk shekara kafin sanyi ya shigo, don ita ma kamawa take yi.

Abu na ƙarshe da nake roƙonki kada ki bari: na'urar da ke ƙara idan iskar gawayi mai guba ta taru a ɗaki. Iskar nan ba ta da wari ba ta da launi, a cikin barci take kashe mutane. Ku kafa na'urar kusa da ɗakunan kwana kafin ranar da za ku fara hura wutar.